A samar wa masu harbi da bindigar iska fili da takardar izini a Zamfara

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana a kan bindiga. Na san a Zamfara ta yau da an ambaci bindiga sai gaban mutum ya faɗi, kuma da gaskiyar mutane, domin da wuya ka sami gidan da masifar nan ba ta taɓa ba, ko kai tsaye ko ta wajen dangi. To amma ba waccan nake nufi ba. Maganata a kan bindigar iska ce, wadda wasu ke ce wa bindigar harbin tsuntsu, da kuma mutane irina da suka tashi da sha'awar harbi, zamani ya sa suka ajiye ta harsashi suka koma kanta.

Ni tsohon malamin gona ne. Mafi yawan aikina a wajen noman rani na Bakolori na yi shi, tsakanin Talata Mafara da Bakura, yanzu na yi ritaya ina zaune a Gusau. Tun ina da jini a jika nake da bindiga mai baki biyu da lasisinta. Idan an yanke shinkafa, ranar da babu aiki, da an sallame sallar asuba mukan ɗauki babura mu nufi fadama. Kirinjijiya da ɗinya a bakin ruwa, fakara da zabin daji a cikin karmami. Kafin rana ta yi zafi mun dawo, a raba wa maƙwabta, a yi farfesu. Babu wanda ke tsorata da mu. Mutanen ƙauye ma su ne ke nuna mana inda tsuntsu ke sauka.

Wannan ya zama tarihi. Mutumin da ya rataya doguwar bindiga ya shiga dajin Zamfara yau ya ɗauki ransa a hannu. Ɗan bindiga ya gan shi, bindigar yake so, kuma ba da lalama zai karɓa ba. Jami'in tsaro ya hango shi daga nesa, ba shi da lokacin tambayar lasisi. Tun a watan Maris na 2021 fadar shugaban ƙasa ta sanar cewa marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya ba da umarnin a harbe duk wanda aka gani a daji da AK-47, kuma daga tazarar gona biyu, da magariba, wa zai rantse wace iri ce a kafaɗarka? Ga 'yan sa-kai, ga Askarawan da gwamnati ta ƙaddamar a farkon 2024, kowa a ɗarare yake.

Amma abin da ya fi kashe mini jiki shi ne ƙarar. Wani maƙwabcin gonata ya taɓa sakin harsashi ɗaya tak a kan shahon da ya addabi 'yan tsakinsa. Kafin ƙarar ta lafa mata sun suri yara sun yi cikin dawa, wata tsohuwa ta bar tukunya a kan wuta, masu tallar fura suka watsar da ƙore, aka wuni ana neman wani yaro da ya ɓuya a rumbu. Shahon kuma ya tafi abinsa. A garin da ƙarar bindiga ke nufin a gudu, mai harbi don nishaɗi ba shi da hujjar da zai kare kansa da ita. Ga harsashin ma ya yi tsada, samunsa ta halastacciyar hanya sai an sha wuya. Sai na shafe bindigata da mai, na kai ta ma'ajiyar makamai ta 'yan sanda, aka ba ni rasit.

Sha'awa dai ba ta mutuwa don an rufe daji. Ina da wata tsohuwar bindigar iska ƙirar Diana, ta Jamus, wadda na saya da daɗewa saboda ɓeraye da hasbiyoyin da ke ɓarna a sito, na kuma yi mata takarda tun lokacin da ake bayarwa. A da ko kallon arziki ba na yi mata. Ita na ciro daga bayan ƙyaure na kakkaɓe.

Ga wanda bai taɓa riƙe ta ba, babu albarushi a cikinta ko kaɗan. Za ka kama bututun ka karya shi ƙasa, sai wani ƙaƙƙarfan sifirin da ke ciki ya matse, ya maƙale. Ka sa ƙwayar dalma guda ɗaya a gindin bututun, ka mayar ya rufe. Da ka ja kunama sai sifirin ya saki, ya ingiza wani ƙarfe mai roba a kai da ake kira fistin, fistin ya matse iskar da ke gabansa, iskar ta fitar da ƙwayar. Ita ƙwayar siffar kalangu gare ta, kai da gindi masu faɗi, tsakiya a tsuke, gindin kuma da rami don iska ta buɗa shi ya kama cikin bututu. Wadda aka fi amfani da ita faɗinta milimita 4.5, nauyinta wajen rabin giram, akwai kuma mai milimita 5.5. A gwangwani ɗaya akan zuba har 500. Ƙararta ba ta wuce gida, sau da yawa uwargida na tsakar gida tana tankaɗe ba ta ma san na fara ba.

Wata dabara da kowane sabon shiga ya kamata ya riƙe: idan ka karya bututun, kada ka sake shi daga hannunka har sai ka gama sa ƙwayar. In kunamar ta kuɓuce alhali bututun na buɗe, zai koma da ƙarfin tsiya, ya datse yatsa ko ya lanƙwashe kansa. Kada kuma a harba ta babu ƙwaya a ciki, fistin zai doki ƙarfe ya lalata robarsa. Sannan a daina ɗura mata man keken ɗinki ko baƙin mai ta ramin iska. Matsin da ke ciki yana kunna man, ka ji ta yi ƙara tana hayaƙi, mai ita yana murna wai ta ƙara ƙarfi, alhali cinye ta yake yi. Da hunturu kuwa tsumma da kube sun wadatar, ƙura ce babbar abokiyar gabarta.

A bayan gida nake harbina, a wani lungu tsakanin ɗakin ajiya da katangar ƙasa. Na auna mita 10 da tef na kafa turke. A can ƙarshe akwai akwatin katako da na cika da tsummokara na danna sosai, a fuskarsa nake liƙa takarda, in ɗora marfin kwalba in zagaye da biro. Katangar ƙasa na zaɓa da gangan, domin siminti da ƙarfe suna iya maido da ƙwayar kan mai harbi ko kan wanda ke gefe. Ƙofar lungun kuma a kulle take ta ciki muddin ina wurin.

A nan ne na gane bambancin bindigogin biyu. Mai baki biyu tana rufa wa maharbi asiri. Harsashinta ɗaya ɗauke yake da ɗaruruwan ƙananan ƙwayoyi, suna fita su bazu, ko saitinka ya ɗan kauce wata za ta samu. Ta iska ƙwaya ɗaya ce, inda ka aika ta nan za ta je, takarda kuma ba ta jin kunyar furfura. Bugu da ƙari, mai sifirin tana motsi tun ƙwayar ba ta bar bututu ba, ta yi baya ta yi gaba. Wanda ya saba danne ƙota a kafaɗa da ƙarfi saboda naushin harsashi, in ya yi mata haka sai harbinsa ya watse. So take a ɗora ta a buɗaɗɗen tafin hannu, a riƙe sakwa-sakwa, a bar ta ta yi motsinta, kuma riƙon yau ya zama irin na jiya. Sai numfashi: ka ja, ka saki rabi, ka tsaya. Sai yatsa: ba fizga ake yi ba, matsawa ake a hankali har ta tashi da kanta. Bayan ta tashi ma ba a ɗaga kai nan take, sai an ɗan jima ido na kan saiti. Ranar da na sha shayi mai kauri, ko raina yake a ɓace, ramukan da ke takardar ne ke fara faɗa mini. Ranar da abin ya yi kyau kuwa, ƙwaya biyar su shige rami ɗaya da marfin kwalba zai rufe, wallahi daɗin da nake ji bai gaza na ranar da na kayar da ɗinya ba.

Abokan farautata na da ba su bar ni na huta ba. Ɗaya daga cikinsu, mutumin Maradun, ya leƙo ya same ni ina ƙidayar ramuka, ya riƙe baki ya ce, "Alhaji, mi kaka yi da wagga bindiga ta yara? Daga ɗinya ka koma harbin takarda?" Na miƙa masa na ce bismilla, ga marfin kwalba can. Ya harba, ya sake, ya sake, sai ya ce saitin ne ba daidai ba. Yanzu duk ranar da ya shigo Gusau sai ya biyo, kuma har yau saitin yake zargi.

Abin da shi da irinsa ba su sani ba, wannan harbin takardar wasa ne da ƙasashe ke kashe wa kuɗi. Tun gasar Olamfik ta 1984 a Los Angeles ake fafatawa a harbi da bindigar iska daga mita 10. A tsaye ake yi, babu jingina, babu madubin da ke jawo abu kusa. Ɗan ɗigon tsakiya mai maki goma faɗinsa rabin milimita ne, kuma harbi 60 ake yi cikin awa ɗaya da kwata. Da wannan wasa Abhinav Bindra ya ciyo wa Indiya zinarenta na farko na mutum ɗaya a Olamfik, a Beijing, shekarar 2008. Wancan Baturken mai furfura da hotonsa ya cika Facebook a 2024, hannu ɗaya a aljihu, Yusuf Dikec, ƙaramar bindigar iska ce a hannunsa lokacin da ya ci azurfa a Paris. Samarinmu sun yi ta yaɗa hoton suna raha, kaɗan ne suka san wasa ne da ɗaki ɗaya mai tsawo ya ishe shi.

Sai dai, Malam Edita, ba talla na zo yi ba. Akwai abubuwan da ke damuna game da yadda bindigar nan ke shiga hannun mutane, kuma su ne rabin dalilin wannan wasiƙa.

Masu hali sun fara saya wa 'ya'yansu ita a matsayin tsarabar tafiya, a miƙa wa yaro ɗan firamare ya fita unguwa yana bin ƙadangaru. Ƙwayar nan tana huda fata, tana tsiyayar da ido, in ta sami yaro a gefen kai ko a wuya tana iya kisa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana ko da harbi da tsakuwa a yatsa, ya ce ba ya kashe abin farauta, ba ya illata maƙiyi, sai dai ya karya haƙori ya fasa ido. Ya kuma hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami, ya hana a mai da abu mai rai abin gwajin harbi. Saboda haka yaron da ke harbin kurciya da ƙadangare don ya ga ko zai samu, ba wasa yake koyo ba. Jikokina ba sa taɓa tawa sai ina tsaye a kansu, da an gama ta koma akwati, makulli a aljihuna, gwangwanin ƙwaya kuma a wani wuri daban.

Sai batun dalma, wanda bai kamata a ce ana tuna wa Bazamfare shi ba. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, a ƙauyuka irin su Dareta, Abare, 'Yargalma da Bagega, sanadin niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje. Ƙungiyar likitoci na gari na kowa ta shafe shekaru tana jinyar waɗanda suka rayu, sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa. To ƙwayar bindigar iska dalma ce. Na sha ganin mai harbi ya tara ƙwayoyi a baki don ya riƙa ciro su da sauri. A daina. A wanke hannu da sabulu kafin a ci abinci. Kada a bar waɗanda aka harba warwatse a ƙasa inda mai rarrafe zai tsinta ko kaji su tsattsaga. Amfanin akwatin tsummata ke nan, duk abin da na harba yana ciki, lokaci lokaci in zazzage in tara a gwangwani mai marfi.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne wani matashi, ɗan aminina, da ya zo neman shawara wai zai sayi irin tawa ya riƙa tafiya da ita gona, ko ɓarayin daji sun gani su ji shakka. Na ce masa, "Ɗana, kabarinka kake shirin haƙawa." A ma'aunin ƙarfi da ake kira jul, ƙarfin harsashin AK-47 ya kai wajen 2,000, irin tawa kuwa ko 20 ba ta cika kaiwa ba. Daga nesa siffarta ta bindigar gaske ce, musamman in an ɗora mata madubi, don haka za ta jawo maka wuta daga kowane ɓangare alhali ba ta da abin mayarwa. Manoman shinkafa ma da ke tunanin za ta yi musu maganin jan-baki su huta da asarar kuɗi, tsuntsun da ke zuwa dubbai ba a bin sa da ƙwaya ɗai-ɗai. Iyakarta ɓera a sito da takarda.

Akwai kuma sabon samfuri mai tulu, wadda ake ɗura wa iska da famfo na musamman har matsin ya ninka na iskar da muke shaƙa wajen sau 200 ko fiye, ta yi harbi da yawa kafin a sake ɗurawa. Ba ta motsi irin na mai sifirin, ta fi sauƙin saiti, ta kuma fi tsada nesa ba kusa ba. Ina jan kunnen duk wanda ya mallake ta: kada gajiyar buga famfo ta sa ya kai ta wurin masu walda a ɗura mata iskar tulunsu. Oksijin ce, in ta haɗu da maiƙon da ke ciki a irin wannan matsi fashewa take yi.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Masu sayarwa a intanet da wasu 'yan kasuwa suna ce wa mutane bindigar iska ba ta buƙatar takarda. Ba haka doka ta ce ba. Dokar makamai ta 1959, wadda har yau ita ke aiki, ta kasa bindigogi uku. Akwai haramtattu, irin na soja da fistol, waɗanda sai da izinin shugaban ƙasa. Akwai bindigar toka da danginta masu ɗuri ta baki, izininsu na hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha. A tsakiya akwai na amfanin kai, izininsu na hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, kuma a nan dokar ta sa bindigar iska, layi ɗaya da mai baki biyu. Ta kuma ce ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba. Wanda aka kama da ita babu takarda, hukuma na da hurumin gurfanar da shi, "mai shago ya ce mini" kuwa ba ta fitar da kowa a gaban alƙali.

To ina takardar? Mun ga abin da ya faru a watan Yuni na 2022, lokacin da gwamnatin Bello Matawalle ta ce jama'a su nemi bindiga su kare kansu, har ta ce za a raba fom 500 ga kowace ɗaya daga masarautu 19. Rundunar 'yan sanda ta fito ta ce dakatar da ba da lasisi na nan daram. A 2023 ma Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya nanata hakan. Ban ga laifinsu ba a kan bindigar harsashi, ƙasar da makamai suka yi wa katutu ba ta buƙatar ƙari. Amma sakamakon shi ne malamin makaranta ko ɗalibin da ke son harbin takarda daga mita 10 an rufe masa ƙofa ɗaya da mai neman bindigar kisa. Mai bin doka ya haƙura, marar bin doka ya yi oda ta waya a kawo masa har gida.

Wasu ƙasashen da ƙarfin bindigar suke rarrabewa. A Ingila wadda ba ta wuce wajen jul 16 ba, baligi na iya mallaka ba tare da lasisin bindiga ba, a Jamus iyakar jul 7.5 ce. Ban ce a kwafo nasu ido rufe ba, halinmu ba ɗaya ba ne, kuma akwai manyan bindigogin iska da ke kayar da babbar dabba, waɗannan a bar su inda doka ta ajiye su. Roƙona ga 'yan majalisarmu na tarayya shi ne in an tashi gyaran wannan tsohuwar doka a ware marasa ƙarfi na wasa, a yi musu rajista mai sauƙi a hedikwatar 'yan sanda ta jiha, da sa hannun mai unguwa da hakimi. Kafin nan, kakakin rundunar ya shiga rediyo ya faɗa wa jama'a matsayin bindigar iska da Hausa, don iyaye su san abin da suke saya.

Ita kuwa ma'aikatar wasanni ta jiha, abin da nake nema wurinta bai taka kara ya karya ba. Ɗaki ɗaya a filin wasa na tunawa da Sardauna da ke nan Gusau, mai tsawon da zai ɗauki mita 10 da wurin tsayuwa, da fitila mai kyau, da akwatunan tare ƙwaya. Bindigogin su zama na hukuma, a ajiye su a wurin 'yan sanda, a kawo ranar atisaye a mayar, babu mai tafiya gida da ko ɗaya. A nemi hukumar wasan harbi ta ƙasa ta turo mai koyarwa.

Na san abin da za a ce, domin an faɗa mini a majalisarmu ta bayan la'asar: a Zamfara za ka koya wa yara harbi? Amsata ita ce yaran da ke daji da makamai ba a ɗakin wasa suka koya ba, babu kuma wanda ya nemi sa hannun hakiminsu. Wanda zai zo wannan ɗaki da sunansa da na mahaifinsa a rajista zai zo, darasinsa na farko kuma shi ne inda ba a nuna bakin bindiga. In hukuma ta amince, akwai tsofaffin maharba da tsofaffin sojoji a garin nan da za su karɓi aikin sa ido ba tare da an biya su ba. Ni dai a rubuta sunana a ranar Asabar, daga safe zuwa azahar.

Na gode da wannan fili. Allah Ya ba mu zaman lafiya a Zamfara da Najeriya baki ɗaya.

Naku,
Tsohon malamin gona,
Tudun Wada, Gusau.